Kada a Kwashe Ruwan Sai Lajana Ta Gani

Ranar Litinin da safe na sauko da ƙafa daga kan gado ina laluben takalmi, sai ƙafar ta faɗa ruwa har idon sawu. Takalman kuwa na hango su can bakin ƙofa, ɗaya na bin ɗaya, sun riga ni fita. Na ɗaga kai na duba rufi, kwano lafiya lau, ko ɗigo babu. Ashe daga ƙasa baƙon yake shigowa. Wata tsaga ce a daɓen siminti, ta taso daga ƙarƙashin gado ta nufi kusurwa, ruwa na tsattsafowa ta cikinta a natse.

Ni dai na yi wa manyanmu godiya a zuci. Shekara nawa suna yi mana alkawarin za su kawo ruwa har cikin gida a Gadarif? To ga shi sun cika, har cikin ɗaki, ba famfo ba bututu. Mai Girma Sarkin Alkawari ne ya zo gab da zaɓe ya sa aka jibge tsakuwa a titinmu, har titin ya fi gidajenmu tudu. Aka ce lambatu na nan tafe a baya. Muna jin ya ɓata hanya.

Amma kada in ɗora musu duka, ni ma ina da kasona. Kowa ya san baƙar ƙasar garin nan: da rani ta dare har ka zura hannu, da damina ta kumbura kamar ƙullin da ya kwana. Iyayenmu da suka san halinta bukkar ciyawa suka yi, in ƙasa ta motsa bukka ta motsa tare da ita. Ni kuwa da riɗi ya yi mini kyau wata shekara, sai na rushe bukka na zuba siminti, don a san an samu ci gaba a gidan Mudi.

Ba ruwan ne ya tayar mini da hankali ba. A kusurwar nan buhu biyu ne na irin dawa, fatarita zaɓaɓɓiya, da na ɓoye tun kaka. Mai tarakta, bayan ya yi sati a layin mai, ya ba ni ranar Asabar zai shuka mini 'yar gonata ta wajen Gadambaliya. Wanda layinsa ya wuce shi, sai baɗi.

Matata Hanatu ta shigo da bokiti da tsumma.

"Malam, kama mu ɗora buhunan nan a kan gado tukun."

Na sunkuya ke nan sai ga maƙwabcina Cindo ya leƙo, wando a naɗe har gwiwa. Cindo bai taɓa aikin gwamnati ba, amma ya fi ma'aikatanta sanin abin da take nufi.

"Kai Mudi, me za ka yi? Sake buhun nan. An naɗa lajana, wato kwamiti, gobe za ta zagaya ta ga ɓarnar ruwa. Wanda aka tarar da ruwa a ɗakinsa shi ake rubutawa, a ba shi tamfol da buhun siminti. Wanda ya kwashe kuwa, a ce masa Allah ya ƙara lafiya."

"To in ɗaga irin kawai."

"Ka ɗaga shaida? In sun zo sun ga buhu a bushe a kan gado, me ka yi asara?"

Hanatu ta ce, "Cindo, kai a gidanka wa ya bar ruwa?"

"Ni nawa bai shigo ba, Hanatu. Ba kowa Allah ke ba irin wannan dama ba."

Na auna maganar, na ga kwana ɗaya ba zai kashe dawa ba. Na ce a bar komai yadda yake. Hanatu ta dube ni irin duban da take yi wa tumatirin da ya kwana uku a kasuwa, ta ɗauki tabarmarta ta koma rumfa.

Talata na sa farar jallabiya na zauna a ƙofar gida. Lajana ba ta zo ba. Aka ce motarsu ta kafe a titin nan na Mai Girma. Laraba aka ce suna taron tsara yadda za su zagaya, har an yanka rago. Ni kuwa ina gadin ruwa. Akuya ta nufo ɗakin na kore ta, kada ta shanye mini hujja.

Hanatu ta ce, "Malam, buhunan nan sun fara ɗumi. Ka sa hannu ka ji."

Na ce ɗumin damina ne.

Alhamis da safe aka tabbatar 'yan lajana suna unguwar da ke bayanmu. Na leƙa ɗaki. Ruwa ya tafi. Ta tsagar da ya shigo ta nan ya koma, ya bar mini danshi da ɗan kwaɗo guda. Kwana uku ina yi masa hidima, ko sallama.

Cindo bai ko girgiza ba. Ya fita ya taro Ɗanliti, dattijon da ke sayar mana da ruwa a keken jaki. Muka toshe tsagar da tsumma.

Ɗanliti ya ce, "A randa zan juye?"

"A ɗaki."

"A ɗaki a cikin me?"

"A ƙasa, Baba."

Ya dubi jakinsa, jakin ya dube shi. Ya ce shekararsa talatin yana wannan sana'a, yau ne ya fara shayar da ɗaki. Ya juye ganga guda. Cindo ya ce ruwan ya cika haske, ba wanda zai yarda na sama ne, ya ɗebo laka a titi ya dama da ƙafarsa. Ku shaida, jama'a, a garin da ake jiran mai ruwa tun hantsi, ni Mudi na sayi ruwan sha na dama shi da taɓo a ɗakin kwanana, da hankalina.

Da azahar suka iso, su uku. Babbansu, mai tumbi da alƙalami uku a aljihu, ya tsaya daga bakin ƙofa don kada takalminsa ya jiƙe.

"Ya hajji, ɗakin ya faɗi?"

"Bai faɗi ba, ranka ya daɗe. Ruwa ne ke fitowa ta ƙasa."

Ya juyo mini da takardar. "Gurbi biyu ne a takardar nan. Ya faɗi, bai faɗi ba. Wanne zan sa maka?"

"Babu na wanda ke shirin faɗuwa?"

"In ya faɗi ka sanar da mu. Kuma ɗakin siminti ma ba ya cikin lissafinmu, ku ai masu hali ne."

Na waiga neman Cindo, sai na hango ƙeyarsa yana duba lafiyar katangata. Na ce to bari in fito da babbar shaida. Na kutsa cikin ruwan da na saya, na kwantar da buhu, na farke gindinsa. Farar saiwa ta yi cunkus kamar gemun tsoho, har ta huda buhun. Na biyun ma haka.

Mai alƙalami uku ya miƙo wuya. "Masha Allah. Iri mai kyau, ko ƙwaya ɗaya ba ta ƙi tsirowa ba. A ina ka samo?" Ya ce amma wannan maganar noma ce, tana da tata lajanar, za a naɗa bayan damina. Suka sha shayin Hanatu, suka yaba, suka wuce.

Da yamma muka zazzage buhunan a tsakar gida. Na sama-sama ne ya kuɓuta, bai kai rabi ba. Shi aka shuka ranar Asabar, sauran gonar na bar wa ciyawa ta yi mulkinta. Juma'a kuwa a bayan ɗaki na wuni da shebur, ina haƙa wa ruwa hanya ina tara ƙasa a gindin bango, aikin da Hanatu ta ce da na yi shi tun Litinin da yanzu ana ce mini manomi. Tsagar sai rani ya shigo in liƙe ta, ita kuma ƙasa ta sake buɗe wata inda ta ga dama.

Dawar da ta tsiro kuwa, Hanatu ta shanya ta a rana, ta kai inji. Ta ce ai da irinta ake yin hilu-mur, abin shan nan na buɗa-baki, mata sai sun yi kwanaki suna yayyafa wa dawa ruwa kafin ta tsiro, ni kuwa na yi mata buhu guda da ɗoriya ba tare da ta roƙe ni ba. Bana dai tuwo zai yi mana wuya, amma in azumi ya zo unguwar nan kaf ba mai kwana da ƙishi. Ina gayyatar lajana shan ruwa, su ukun, da sharaɗin kowa ya taho da ruwan damawarsa. Nawa na riga na zuba a ƙasa.