Kwafin da Ya Ƙi Fitowa

Wani mutum ne ya samu aikin akawu a wani kamfanin katako da ke bakin dajin Birnin Gwari, ba a daɗe da samun mulkin kai ba. Da aka tambaye shi ko ya iya tafireta, sai ya ce ai da ita aka yaye shi. Alhali iyakar saninsa da ita leƙen Martha ta taga, matar da ke buga takardun kamfanin kafin ta tafi Gayam haihuwa.

Ran nan manaja, Malam Idrisu, ya dire masa fayil a gaba.

"Buga wannan ka fitar da kwafi. Ɗaya mu ajiye, ɗaya ya bi motar katako zuwa Kaduna yau. In mota ta tashi babu shi, kai ma ka tashi."

Mutumin ya tuna Martha kan sa baƙar takardar kabon tsakanin farare biyu. Ya sa, sai dai a juye, tawadar na kallon sama. Ya shiga bugu da yatsa ɗaya kamar kaza na tsintar dawa. Ya zaro. Ta sama ta yi kyau, ta ƙasa fara fat.

"Ƙarfi ne bai kai ba," in ji shi.

Ya naɗe hannun riga, ya yi ta jibgar tafireta har takardar ta koma rariya. Ta ƙasa dai fara fat.

Gumi ya karyo masa. Ya leƙa waje ya kira Bakoji, direban motar.

Bakoji ya zagaya tafireta, ya leƙa ƙarƙashinta, ya ƙwanƙwasa gefenta. "Malam akawu, inji in ya ƙi aiki, ko mai ne babu, ko sanyi ya kama shi."

Suka ɗura mata baƙin mai, suka shanya ta a rana kan gungumen maɗaci. Da ta yi zafi aka sake gwadawa. Babu labari.

"To ni dabarata ta ƙare," in ji Bakoji. "Da mota ce da mun tura."

Mutumin ya juya takardar da ke sama don ya goge man da ya ɓata ta, sai ga rubutu reras a bayanta.

"Au! Ashe nan ka ɓuya!"

Ya sheƙa ofishin manaja ya miƙa takarda ɗaya tal.

"Ina kwafin?"

"Yana baya, ranka ya daɗe. Goye yake, ko ɓata ba zai yi ba."

Malam Idrisu ya juya takardar, ya sa tabarau, ya cire, ya karkata kai. A waje Bakoji sai danna ham yake yi.

"Kai! Wannan ai kowane harafi ya juya ƙeya, rubutun ma da baya yake tafiya! Wa zai iya karanta wannan a Kaduna?"

"Haba, ranka ya daɗe! Duk girman Kaduna a ce babu madubi?"