Tankin da Ya Rusuna a Lambara

Ba zan taɓa mantawa da tankin ruwan Lambara ba, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ni mai walda ne a Bodinga, da ƙarfe na yi furfura. Mutanen Lambara suka ba ni aikin dogayen ƙafafun da za a ɗora tanki a kai, don mata su huta da jan guga. Sai wani sarkin iyayi ya ce wai Hadiza, ɗiyar ƙanwata da ta karanto injiniya, ta duba aikin tukuna. (Yarinyar da ni na yanka ragon sunanta.)

Ta zana a kwamfuta, ta danna, na'ura ta ce ƙarfen ya isa. Na yi hamdala. Sai ta sake taɓa wani wuri, ƙafafun da ke cikin zanen suka koma jawur.

"Kawu, lissafin farko ya ɗauka tankin zai tsaya cak har abada. Na biyun ya san zai karkata. Iska ta ɗan tura shi, nauyin ruwa ya bar tsakiya ya ƙara danne shi gefe, haka dai har ƙafa ta lanƙwashe. A ƙara kauri, a sa ƙarfen gicciye."

Na ce, "Ke, mai shaidar da ya sauya magana a zama guda, korar shi alƙali ke yi. Ni ta farkon na ji."

Na yi abina da siririn bututu, ba gicciye. Ranar buɗewa, mai gari na zaune, mata sun jera jarkoki, aka cika tanki. Na miƙe ina cika baki: "Wanga aiki ba kwamfuta cikinai, hannu ne da basira." Sai na ga an daina kallona, ana kallon bayana. Iska ce 'yar kaɗan ta kaɗo, wadda ko hula ba ta turewa. Tankin ya rusuna a hankali kamar mai gaida surukai, ya ƙara, ya ƙara, murfi ya ɓalle, ruwan ya sheƙo mini tun daga ka.

Mai gari ya ce, "Malam, ka ƙare jawabin ko da saura?"

Mata suka kwashi jarkoki suka koma rijiya suna tsaki. Hadiza dai mayafinta kawai ta miƙo in goge fuska, wannan kuwa ya fi zagi ciwo.

Na sake aikin, da gicciye har da ƙari. Abin da na koya: abu in ya soma karkata, nauyin kansa ke ƙarasa shi, kuma ban san kaya mai nauyi kamar girman kan tsoho ba.