Yadda Mai Satar Amsa Ya Zo Na Ɗaya

Duk unguwar Nima cewa ake kwamfuta ce ta kayar da rabin ajina. Ƙarya ne, ni ce.

Satar amsa ta ishe ni, sai na je wani shagon kwamfuta a Kokomlemle, na'ura ta jujjuya tambayoyin, aka buga takarda iri biyu, kowa da maƙwabcinsa daban. Har na ce wa hedimasta zamanin satar amsa ya wuce.

Wajen maki na manta, na duba duka da amsoshin takarda iri ɗaya. Rakiya, gwanar ajin, ta faɗi warwas. Awudu da ya kwafi maƙwabcinsa ya cinye duka.

Uwar Rakiya ta tare ni a kasuwa: "Malama, injin naku ɓarayi yake so?"

Har yau Awudu kan leƙo daga motar haya ta trotro: "Malama, yaushe za a sake irin waccan jarrabawar?"