Bindigar Katako a Zauren Sulhu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tsaya a ƙofar zauren wani mai gari, can gefen tafkin Kalmalo, ina karɓar sandunan mutane ina jinginawa a bango, ni kuwa da nawa abin soke a ƙugu. Na so ƙwarai in manta. Tsufa ya kwashe mini sunayen abokai da hanyoyin garuruwan da na zauna, amma wannan ya bar mini shi garau.

Ni mutum ne da ya yi yawo. Fataucin albasa da goro ya kai ni Abijan da Kwatano, na zauna Jidda, na sha shayi a Khartum. Ina jin Faransanci da Larabci, Fulatanci kuwa a nono na sha shi, domin mahaifiyata Bafulatana ce. Turancina ya isa in sayi tikitin jirgi har in yi gardama a kan kujera. (Ina faɗin wannan ne don ka san tsayin wanda zai faɗi.)

Bayan na bar fatauci, ɗana da ke aiki a Amurka ya sa na je ganin jikoki. A jihar da yake, bindiga a jikin mutum kamar goro ce a aljihunmu. Maƙwabcinsa, wani dattijo mai fara'a, ya ɗauke ni wata rana zuwa shagon da ake sayar da su. Na ga bindiga a hannun sojoji a ƙasashe da yawa, amma ban taɓa ganin an jera ta cikin gilashi kamar agogo ba.

Mai shagon ya yi mini bayani kamar mai sayar da takalmi. Ya ce wadda ake yawo da ita kullum ba babba ake nema ba, sai wadda ta zauna a hannunka, ba ta gajiyar da kai, ba ta nuna kanta ta cikin tufa. Ya ce mutane da yawa suna sayen ƙatuwa don ido, su ƙare da barin ta a gida. Shawararsa ita ce kafin mutum ya zaɓa, ya samu mai siffarta da nauyinta wadda ba ta harbi, ya yi ta yawo da ita, ya zauna, ya tashi, ya shiga mota, har ya ga wadda jikinsa ya karɓa. Sai ya dubi babbar rigata sama da ƙasa ya ce a cikin wannan ko igwa na ɓoye ba mai gani. Na ji daɗi kamar ni na saƙa ta.

Na dawo Illela na tarar da abin da na bari. Kowa ya san yadda hanyoyin ƙauye suka koma. Ina da gona wajen Lafani, na daina zuwa sai rana ta take, kuma ko a hakan idona yana kan kowane babur da ya biyo bayana. An tare wani abokina a hanya, Allah ya kuɓutar da shi, amma bai sake zama mutumin da na sani ba. Tsoron nan gaskiya ne, ba na jin kunyarsa. Abin da na aikata da shi ne matsalar.

Na fara zuwa wurin aminina Malam Bello, tsohon ɗan sanda da ya yi ritaya. Na ce masa ƙaramar bindiga nake so, ya saurare ni har na gama.

"Alhaji, mi za ka yi da ita?" in ji shi. "Kai da ko ragon layya sai an riƙa maka hannu."

Na ce ba wasa ya kawo ni ba.

"Ni ma ba wasa nika ba. Ƙaramar bindiga doka ba ta ba irinmu. Ko ta harbin zabi sai an sha wuya. In anka kama ka da ita, gidan yari za ka ƙare tsuhwanka."

Na san akwai masu raɗa a kunne da ke sayar da ita a ɓoye a garin iyaka irin namu, ban kuma nemi ko ɗaya ba. Zan so in ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni, amma na taɓa kai wa wani abinci a gidan yari, na ga tabarmar da ake kwana a kai. Sai na lallashi kaina cewa mutum irina, wanda ya san manya, wata rana zai samu izini. Kafin nan kuwa me zai hana in zaɓi wadda ta dace da ni, yadda mai shagon nan ya koya mini?

Na kai wa wani kafinta hotuna a waya, ya sassaƙa mini babba da matsakaiciya da ƙarama, ya cusa ƙarfe a ciki don nauyi, ya shafe su da baƙin fenti. Ya yi aiki fiye da yadda na nema. Babbar na sa a aljihun gaban riga, da na yi sujada a masallaci ta bugi ƙasa ƙwas, na kusa da ni ya juyo bayan sallama, na ce masa tocila ce. Matsakaiciyar ta janye mini kaftani gefe ɗaya kamar jakin da aka yi wa mangala da hatsi a ɓari guda. Ƙaramar ce ta yi. Na soke ta a ƙugu ta ciki, yadda na ga maƙwabcin ɗana yana yi. Abin da ban tsaya na auna ba shi ne wandonsa da bel na fata mai kauri, nawa kuwa mazagi ne. Sai na riƙa ɗaure shi tamau har yana yi mini zane a ciki.

"Alhaji, mi yas sa kake tahiya kamar mai maruru?" matata Hajiya ta tambaye ni wata safiya.

Na ce ciwon baya ne.

"Ciwon bayan na ka zuba baƙin henti ga wando? To, in ka harbi wani da ita, ka aiko a kira ni in gani."

Ashe ta daɗe da sani. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da gwajina.

Ana cikin haka rikici ya tashi a ƙauyen nan na gefen tafki. Manoma sun dasa albasa har cikin burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa, shanu kuma suka bi hanyarsu ta cikin albasar. Aka yi faɗa, aka fasa wa wani saurayi kai, samarin kowane ɓangare suka fara wasa ƙarfe. Mai gari ya kira zaman sulhu, ya aiko in zo in yi tafinta. Manoman sun san ni tun ina sayen albasarsu, makiyayan kuma dangin uwata ne, Arɗonsu ma ɗan gwaggo yake kirana. Kowa ya yarda ba zan karkata magana ba.

Ni da bakina na kawo sharaɗin kada a shiga zaure da makami ko wane iri. Har na ba da misalin yadda na ga ana yi a wasu ƙasashe. (Ba a taɓa tambayata misali ba, amma ban taɓa rasa shi ba.)

Ranar zaman na tsaya a ƙofa. Manoma suka zube adduna da wuƙaƙe ba gardama, garinsu ne. Makiyaya suka tsaya cik suna kallon Arɗo. Dogo ne, siriri, sandarsa ta yi sulɓi saboda daɗewa a hannu. Ya matso ya yi mini magana da Fulatanci, murya ƙasa-ƙasa.

"Ɗan gwaggo, ka san Bafulatani ba sanda tsirara yake. Kuma cikin gidan mutane za mu shiga."

Na dafa ƙirji na ce, "Ni na lamunce maka. Ko allura babu a cikin zauren nan."

Ina rufe baki na ji katakon ya tokare ni a ƙugu. Wallahi da safen nan ban san na soka shi ba, hannu ne ya saba. Akwai lokaci. Da na iya cewa zan zaga, in jefa shi cikin mota. Amma Arɗo yana miƙo mini sandarsa da hannu biyu, mutanensa suna biye, ni kuma na ce a raina ai itace ne, ba makami ba, kuma wa zai gani a cikin wannan riga? Na karɓi sandar na jingine, muka shiga.

Zaman ya yi tsawo. Ina tanƙwashe a tsakiya, Sarkin Noma da mutanensa a dama, Arɗo da nasa a hagu, ina ɗaukar magana mai zafi daga nan in kai ta can yadda ba za ta ƙona ba. Mazagin nan kuwa yana yanka ni. Da na ga numfashi yana neman gagara, na zura hannu cikin riga a ɓoye na ɗan sassauta ɗaurin. Na ji sanyi a raina, na manta.

Can bayan azahar magana ta kwanta. Manoma suka yarda su buɗe burtali da zarar sun cire albasar bana, makiyaya suka yarda su riƙa zagayawa kafin nan, su kuma ɗauki jinyar wanda aka ji wa ciwo. Liman ya ce a tashi, tafinta ya haɗa hannun shugabannin biyu a shafa fatiha.

Na miƙe. Na ji abin ya saki ƙugu, ya bi cinya a hankali, ya wuce gwiwa, ya tsaya a bakin ƙafar wando. Na daskare. Kowa yana jirana, Sarkin Noma har ya miƙo hannu. Na yi taku ɗaya mai jan ƙafa, sai ga ta ta faɗo kan tabarma, ta mirgina, ta tsaya baƙa wuluk da bakinta yana kallon Arɗo.

Nan take samarin makiyaya suka zabura suka nufi ƙofa wurin sanduna, na manoma suka tashi su ma. Na buɗe baki in ce itace ne, duk harsunan da nake taƙama da su suka watse, wanda ya rage shi ne Faransanci. Da shi na faɗa, har sau nawa ban sani ba, a zauren da ba mai jin sa.

Arɗo ya ɗaga hannu, samarinsa suka tsaya a bakin ƙofa. Ya sunkuya ya ɗauki abin, ya juya shi, ya kankare fentin da farce, farin katako ya bayyana. Ya nuna wa mai gari. Ba wanda ya yi dariya.

Mai gari ya ce, "Alhaji, sai ka yi muna bayani, ko mutanen ga su ce mu munka shirya."

A nan na gane cewa ko dai a ɗauke ni maci amana, sulhu ya rushe, ko in tabbatar musu ni tsoho ne mai wasa da katako. Na zaɓi na biyu. Na ba da labarin duka da Hausa, tun daga shagon Amurka har kafinta har mazagi. Da na gama, mai gari ya nuna mini hagu da haɓa. Ba wani tafinta sai ni. Na sake faɗin komai da Fulatanci.

Arɗo ya saurara har ƙarshe, sannan ya yi magana, ya ce in fassara. Na juya dama na ce, "Arɗo ya ce ya fahimta, kuskure ne."

Liman, wanda ban san yana jin Fulatanci ba, ya yi gyaran murya. "Alhaji, ba haka yac ce ba."

Na sunkuyar da kai na faɗi yadda ya faɗa. "Ya ce shi ya ajiye sandar da ubansa ya bar masa saboda maganata. Ni kuwa itacen da aka sassaƙa jiya na kasa ajiyewa. Ya ce ba bindigar ta dame shi ba, lamunin ne."

Na yi tafinta a kasuwanni da ofisoshin kwastan, na fassara zagi da rantsuwa, ban taɓa ɗaukar magana mai nauyin wannan ba.

Sulhun bai rushe ba, amma Arɗo ya sa sharaɗi. Ya ce kowa ya fita ya ɗauko abinsa ya ɗora a cinya, a gan shi a fili, shi ya fi yarda da haka. Aka shigo da sanduna da adduna. Liman ne ya haɗa hannayen, ni aka ce in zauna in huta. Bindigata tana tsakiyar tabarma har aka shafa fatiha, kowa yana ƙoƙarin kada ya kalle ta.

Da za a watse Arɗo ya ɗauke ta ya sa a aljihu. Sauran biyun Hajiya ta hura wuta da su. An sake zama a ƙauyen bayan an cire albasa, aka kira wani tafinta.

Abin da na koya bai kai a yi masa tafiyar jirgi ba: kafin ka ce wa mutane su ajiye nasu, fara laluba ƙugunka. Arɗo dai bai riƙe ni a rai ba, muna gaisawa. Sai dai duk ranar kasuwar Illela, in ya hango ni daga nesa a cikin kara, wurin cinikin shanu, yakan maƙale sandarsa a hammata, ya ɗaga hannuwa biyu sama, ya tsaya a haka har sai na iso.