Yadda Za Ka Sa A Raɗa Wa Malam-Buɗe-Littafi Sunanka

Kai da shekaru suka tura gaba, ka waiwaya ba ka ga ko jariri ɗaya mai amsa sunanka ba, gyara zama ka saurara. Ni Sekuna, mai sassaƙar kwalekwale a wannan ɗan tsibiri da ke kallon Konakiri, ban daɗe a aji ba, amma na ga dabarar nan da idona tun daga saiwa har ganye. Na yi maka alkawari: in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, sunanka zai tashi sama, da fukafukansa ma. Wanda ya gwada shi ne Soriba, abokin wasana, don gidanmu da nasu tun kakanni muke zagin juna ba mai fushi. Yana nan da ransa, je ka tambaye shi.

Mataki na ɗaya: Ka tabbata mutane sun ƙi ka

Kada ka ɓata wa ƙwaro lokaci in har akwai mai ciki da ke gaishe ka da fara'a. Wannan hanya ta wanda aka rufe wa ƙofofi ce. Rashin farin wata ke sa tauraro haske.

Soriba ya yi wannan aiki da kyau. Yaro ya tsinci mangwaron da ya faɗo bayan shingensa, sai ya bi shi da filafilin kwalekwale. Ka nemi aron allurar ɗinkin koma, ya tambaye ka ko ubanka ne ya saya masa. Ka gaishe shi, ya ce me kake nema. Shi ya sa tsibirin nan ya cika da su Nabi da Fode da Momo, ni kaina Sekunoni sun ishe ni, amma Soriba shi kaɗai ne tsaye kamar hasumiyar jirage. 'Ya'yan da Allah bai ba shi ba, ba laifinsa ba ne. Takwaran da mutane suka hana shi, wannan shi ya shuka.

Wata rana muna toshe ɓarakar kwalekwalensa ya ce mini, ko dubana bai yi ba, ranar da aka binne shi tare da sunan za a binne, ko kare ba zai ƙara amsa shi ba. Na ce masa ai kare ma yana da zaɓi. Bai rama ba. A nan na gane ciwon ya kai ƙashi.

Mataki na biyu: Kada ka wanke hularka

Malam-buɗe-littafi iri-iri ne a nan, kuma kusan duka an riga ka. Fararen nan masu taruwa a bakin rijiya suna da suna. Babban baƙin nan mai ɗamara shuɗiya, wanda ke buguwa da ruɓaɓɓen mangwaro har ya kasa tashi, shi ma yana da nasa, kuma ko ba shi da shi ban ba ka shawarar haɗa suna da mashayi ba. Maraya kake nema, wanda masu ilimi ba su taɓa gani ba.

Kada ka bi shi da ƙafa, gwiwarka ba ta wannan aiki ba ce. Bar shi ya neme ka. Halittun nan gishiri suke so. Hular Soriba ta ulu ce, kuma tun yana da haƙoran gaba sabulu bai taɓa ta ba. Zufa, man kifi, hayaƙin banda, ruwan teku, duk sun zauna a cikinta sun yi gari.

Sai ga Dokta Ramatulayi, wata Bafulatana daga tudun Futa mai nazarin ƙwari, ta sauko daga kwalekwale tana tangaɗi, riƙe da raga mai doguwar sanda. Ta zaga tsibiri gaba da baya. Duk wanda ta kama sai ta duba, ta ce an san shi, ta sake shi. Tana shirin komawa ta biyo ta bakin gaɓa, ta tarar da Soriba yana gyangyaɗi a gindin kwakwa, ga wani ɗan ƙarami ja kamar manja, mai baƙin gefe, zaune a kan hularsa yana tsotsa. Ba ta yi sallama ba. Ta kifa masa raga har wuya.

Mataki na uku: Ka yi rowa a inda rowa ke da riba

Abin da Soriba ya faɗa daga cikin ragar nan ba na rubutawa ba ne. Ita dai cewa take, "Baba, zagi ka ƙara, amma don Allah kada ka motsa kai."

Da ta ga ƙwaron ba ya sauka ko'ina sai kan hular, ta nemi ya sayar mata. Ya ƙi. Ta ce za ta kawo masa sabuwa daga Konakiri. Ya ce ta kai wa mijinta. Ta gaji ta tambaye shi to me yake so. Ni kuwa ina gefe, bakin abokin wasa ba ya da murfi, na ce ta ba shi takwara, tunda mutane sun hana shi. Kowa ya yi dariya ban da ita. Ta ce ai ana yin haka: in ƙwaron sabo ne, wanda ya gano shi ke raɗa masa suna, kuma sunan ba ya mutuwa.

Soriba ya gyara zama. Mutumin da bai taɓa zama domin wani ba, ya zauna cikin rana kamar turke, ana kifa masa raga ana ɗagawa, har ta samu iya abin da take so. Bayan damina mai kwalekwalen kasuwa ya kawo saƙo: sabo ne, an sa masa Soriba, da 'yar wutsiya a ƙarshe irin ta masu ilimi.

Mataki na huɗu: Ka yanka

Suna ba yanka, zance ne. Soriba ya kayar da bunsurun da ya yi shekaru yana hana kowa kallo. Aka raba goro da dunƙulen garin shinkafa mai zuma. Dokta ta ƙetaro ta ci. Liman ya ce shi ba ya raɗa wa ƙwaro suna, amma bai ga inda aka hana cin nama ba.

A nan ka buɗe kunne. Ka san al'adarmu: wanda aka ba takwara kuma ya yanka, shi ke yi masa sutura, shi ke amsa ƙara in ya yi ɓarna, shi ke zaman makoki in ya riga shi tafiya. Ba wanda ya tuna wa Soriba wannan sai da aka suɗe ƙasusuwa. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Mataki na biyar: Ka amsa laifin ɗanka

Ashe takwaran nan, kafin ya yi fukafukai, tsutsa ne, kuma ba ya cin komai sai ganyen dankali. Wanda ya taɓa ganyen dankali a tsibirin nan ya taɓa tukunyar miya.

Mabinti mai bandar kifi, gwauruwa, wadda harshenta ya fi wuƙar fiɗarta kaifi, ta zo ƙofarsa da ƙwarya cike da tsutsotsi suna motsi.

"Soriba, ga Soribobi na kawo maka. Sun cinye mini kunya uku. Ka ja musu kunne ko in ba kaji."

Ya ce ta ba kajin mana, ina ruwansa. Ta juya tana kiran kaji. Kafin kazar farko ta iso ya fizge ƙwaryar ya rungume. Wa ya taɓa ganin mutum ya miƙa takwaransa ga kaza?

Dattawa suka yanke: ya yi wa tsutsotsin gonarsu. Ya sare ciyawar bayan gidansa ya dasa dankali, ba don ci ba. Kowace safiya ka gan shi duƙe a lambunan mata, yana tsince tsutsa da gashin kaza yana lallashinta zuwa gida. Kuma ba a shiga lambun mace ba sallama, dole ya koyi gaisuwa yana da furfura. Ranar da ya fara ce wa Mabinti ina kwana, sai da ta leƙa bayansa ta ga wa ya yi maganar.

Mataki na shida: Ka tanadi tabarma

Wannan ne masu ilimi ba sa faɗa maka: malam-buɗe-littafi ba ya daɗewa. Wanda ƙadangare bai haɗiye ba, iska ta jefa shi teku. Wanda ya tsira daga duka biyun, kafin wata ya juya ya kwanta da kansa.

Mu kuwa abokan wasa ba ma wasa da hakki. Duk fiffiken da aka tsinta a hanya, sai mu ɗauko a kan ganye, mu jeru, mu shiga gidansa da fuskar jimami, mu ce, "Soriba, ya haƙuri? Soriba ya rasu." Dole ya shimfiɗa tabarma, ya ɗora shayi, ya amsa da ladabi, don mai makoki ba ya zagi. Wani lokaci muna tashi wasu na shigowa da sabuwar gawa. Gidan da shekaru ko akuya ba ta leƙa ba ya zama majalisa. Yara suka gane cewa mai kawo labarin rasuwa ana ba shi mangwaro. Ban ce sun taimaka wa ajali ba, amma rasuwa ta yi yawa a lokacin mangwaro.

Kada ka yi ƙorafi. Mai haƙuri yakan dafa dutse.

Mataki na bakwai: In mai kaya ya zo karɓar kayansa

Dokta Ramatulayi ta dawo, wannan karon ba raga. Ta nemi a tara mutane a gindin rimi. Mace ce mai gaskiya, ba ta aiko ba, da ƙafarta ta zo. Ta ce ta yi kuskure. An gwada ƙwaron da 'yan'uwansa, ashe shi ne dai wanda ke cin dankali a bayan kowane gida a Konakiri, iskar tsibiri ce kawai ta ƙara masa ja. Yana da suna tun kafin a haifi kakanninmu, kuma a wurinsu sunan farko ke zama. An cire Soriba.

Na dubi abokina. Na shirya jin zagin da zai kori tsuntsaye daga rimin. Sai kawai ya cire hular ya riƙe a hannu, karo na farko da muka ga tsakiyar kansa.

Mabinti ce ta miƙe. Ta tambayi Dokta ko ta ci bunsurun. Dokta ta ce ta ci.

"To 'yata, dawo da bunsuru ki karɓi sunanki. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski."

Aka tsaya a kan cewa can a ƙetare su kira shi abin da suka ga dama, a nan Soriba ne. Dokta ta ce ita ma hakan ya fi mata daɗi. Amma Soriba ya ce mini a hanya, baki yana mantuwa, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ya shiga gida ya ja ƙofa. Muka tsinci fiffike muka je, bai buɗe ba. Abin da ya ba ni tsoro, da safe sai na hango shi duƙe a lambun Mabinti, yana tsince tsutsar da yanzu ba dolensa ba ce.

Mataki na takwas: Ka je suna ko ba ka da niyya

Yari, 'yar Mabinti, ta haihu namiji. Ranar suna na ja Soriba da ƙarfi, na ce ko don shinkafa. Ya zauna can baya kusa da tukwane. Liman ya karɓi raɗa a kunne, ya ɗaga murya ya ce sunan yaro Soriba.

Tsohon ya miƙe, ya nufi wurin mata. Mabinti ta tare shi da ludayi.

"Ina za ka? Ba kai ba ne. Ƙwaron muka yi wa takwara. Shi bai taɓa bin jikan kowa da filafili ba."

Ya tsaya. Ya tambaye ta, to wa zai yi wa yaro sutura, tunda ƙwaro ba shi da aljihu.

"Wa ke amsa ƙarar ƙwaron?" in ji ta.

Kafin la'asar Soriba ya dawo da turmin atamfa da sabulu, aka ɗora masa jariri a cinya. Yari ta toshe hanci ta ce, "Kawu, ko hular ko yaron." A ranar aka wanke hular. Ruwan da ya fita, inda aka zubar har yau ciyawa ba ta tsiro ba. Tun daga nan ko malam-buɗe-littafi ɗaya bai ƙara sauka a kansa ba, shi kuma bai lura ba, don mai jan hular yanzu yana da hannu.

Kashedi

Na faɗi abin da na gani, ban ce ka yi ba. In ka bar hularka ta ruɓe matarka ta yi yaji, ba ni ba ne. In raga ta shaƙe ka, ko bunsurunka ya tafi a banza, ko masu ilimi suka ga dama suka raɗa sunanka wa kyankyaso, kada ka biyo ni wurin sassaƙa, gatari ne a hannuna. In kuwa ka bi matakan nan ka wayi gari kana gaishe da mutane, gidanka cike da masu shan shayinka, wannan ma ba ni na jawo maka ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.