Rasuwar Tiburcio, Injin Ruwan Gidan Banegas

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tanki mai cike da iska, ni Eulalio Banegas, wanda ake kira Don Lalo, na unguwar Las Lomas, a madadin iyalina, ina sanar da 'yan uwa da maƙwabta rasuwar injin jan ruwanmu, Tiburcio, wanda ya riga mu gidan gaskiya ranar Talata da yamma, bayan shekara goma sha huɗu a bakin aiki.

Marigayin ya ci sunan surukina ne, saboda tarinsu iri ɗaya. Duk Talata, ranar da ake ba unguwarmu ruwa, yakan yi "kuf, kuf, kuf," sannan ya saki "zuuu," ya ɗauko ruwa daga bututun titi ya haura tudu da shi har tankin da ke kan rufinmu. Bai taɓa neman hutu ba. Ko ranar Kirsimeti bai taɓa buguwa ba, shaidar da ni ba wanda zai yi mini ita.

Ga yadda ajali ya zo. Kamar kowa a tudun nan, mun saba kunna inji da ƙarfe biyu saura, mu tafi harkarmu, domin Don Wilmer mai buɗe ruwa bai san makara ba, ƙarfe biyu cif yake murɗa makunni. A ranar ne majalisar gari ta zauna kan batu biyu: kyamarori goma sha shida da 'yan sanda za su riƙa kallonmu da su, da ƙarin kuɗin ruwa. Na rubuta jawabi shafi biyu, na sa farar rigata. Matata Dilcia ta dube ni tana ɗaukar jakar kasuwa.

"Tsoho, kai da ko a gida ba a saurarenka?"

Na kunna Tiburcio, na tafi ceton al'umma.

Kyamara ta cinye awa uku. Wani kansila ya rantse tana iya gane ɓarawo ko ya rufe fuska. Doña Zulema mai sayar da cuku ta miƙe ta ce, "Ranka ya daɗe, tana iya hango ruwa a bututu? Don mu idonmu ya gaza." Aka yi dariya, aka ce ta zauna, ba a zo nan ba tukuna.

Wajen ƙarfe biyar na waiwaya. Layi biyu a bayana, ga Don Wilmer zaune, hula a gwiwa, ƙatuwar sifanarsa a ƙarƙashin kujera.

"Don Wilmer, wa ya buɗe ruwa?"

"Ba kowa, Don Lalo. Cewa aka yi duk ma'aikacin ruwa ya zo, yau za a yi maganarmu."

Na yi gudu, irin wanda mai shekara hamsin da shida da tumbi ke iyawa. Ƙaurin ƙonanniyar waya ya tarye ni tun daga tsakiyar tudu. Awa uku marigayin yana zuƙar iska shi kaɗai, bai daina ba, don ba wanda ya ce ya daina. Maƙwabciyarmu ta ji kukansa na ƙarshe, "iiiii," amma ta ɗauka ni ne nake waƙa, ta rufe taga.

Nahún mai gyara ya buɗe shi, ya sunsuna, ya cire hula. "Don Lalo, wannan sai dai a auna shi a kilo."

Majalisa ta amince da kyamarori, ta ɗage batun ruwa zuwa wata mai zuwa. Jawabina yana aljihu har yanzu.

Marigayin ya bar tanki ɗaya, da tiyo mai faci uku, da bayana mai ciwo. Ya kuma bar Dilcia, wadda tortiya, wato wainar masara, da waken da take sayarwa ne ke riƙe gidan nan, kwana huɗu ke nan ba ta hura wuta ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Bokiti biyu ta ajiye a gefen gadona, ta wuce.

Za a ɗauki gawar ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, a motar mai sayen tsofaffin ƙarafa. Addu'ar kwana tara a gida za a yi ta, amma kada kowa ya sa rai da shan kofi. Iyalin suna roƙon kada a kawo furanni, ba mu da abin da za mu tsoma su a ciki. Wanda ya tausaya mana ya zo da galan ɗaya cike da ruwa. Dilcia tana so ta kwaɓa ƙullu ranar Litinin.