Littattafan da Na Ara wa Gara

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na buɗe akwatin nan a gaban Hakimi da Di'o, Baturen mulki, ba, ko da zan manta sunana.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. A garinmu, nan ƙasar Batsari, akwai wani falken shanu, Alhaji Tanko, wanda ya je Makka a ƙafa. A hanyarsa ta dawowa ya ga wani ɗaki a Sudan cike da littattafai, kowa ya shiga ya karanta ba a tambayarsa ɗan wane ne. Abin ya tsaya masa a rai. Shi kansa ko baƙi ɗaya na boko bai sani ba, amma da ya iso gida sai ya gina ɗaki a bakin kasuwa, ya sayar da bijimansa, ya aika Zariya aka sayo littattafan noma da kiwon lafiya da tarihi da labarai. Malaman gari suka ƙara da nasu na ajami. Ni kuwa, da yake na ɗan taɓa makaranta a Katsina (ban gama ba, amma ba na faɗa), aka damƙa mini mabuɗi.

"Ɗana, duk wanda ya zo ka ba shi," in ji Alhaji. "Wanda bai iya ba ka karanta mashi. Don Allah na yi, ba don ado ba."

Na ce to, Baba. Aka fara zuwa. Manoma daga Karare, masu awon gyaɗa, har mata daga cikin gidaje suna aikowa a ba su aro. Sai dai ni raina ɓaci yake yi. Wannan ya dawo da littafi da shaidar man gyaɗa, wancan da jan goro, wani kuma ya naɗe shi ya cusa a aljihu kamar ƙosai. Na ce a raina ƙauyawan nan za su kashe wa bawan Allah dukiya. Sai na tsince sababbin, masu kyawun bango, na jera a akwatin katako, na sa kwaɗo, na tura shi lungu a kan dandariyar ƙasa. Malam Isiyaku, limamin unguwa, ya ce in ɗora shi bisa duwatsu tunda damina ta kama. Na yi masa murmushin masu ilimi, na bar shi a inda yake.

Da kaka aka ce Di'o zai zo rangadi, kuma Hakimi zai kawo shi ya ga ɗakin. Alhaji ya yi ta murna, don yana fatan in an ga amfanin wurin za a ƙaro littattafai. Na sa farar rigata, na tura tsofaffin littattafan gefe don kada su ba mu kunya, na jawo akwatin tsakiyar ɗaki. Na ji ya yi nauyi fiye da da, amma ban kawo komai ba.

"Ranka ya daɗe," na ce da ƙarfi, "waɗannan ko yatsa bai taɓa su ba."

Na buɗe. Jar ƙasa ce fal, gara na ta kai da kawowa a ciki. Na sa hannu na ɗago littafin tarihin da na fi ji da shi, bangon kawai ya biyo ni. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige, in tarar da garar a can mu ƙarasa.

Di'o ya yi gyaran murya, ya juya ga tsofaffin littattafan da na tura gefe. Ya ɗauki ɗaya mai shaidar man gyaɗa, ya jujjuya, ya ce da Hausarsa ta hanci, "Wannan an karanta shi." Ko ɗaya gara ba ta taɓa ba, don kullum suna hannun mutane.

Na kalli Alhaji. Bijimansa ne fa a cikin ƙasar nan. Ya daɗe yana duban akwatin, sannan ya ce, "Ɗana, na ce ka ba kowa aro. Kai kuma gara kaɗai ka ba." Malam Isiyaku ya ce, "Ita kuwa ba ta mayarwa." Har Hakimi sai da ya rufe baki da hannun riga.

Alhaji bai kore ni ba. Kasuwa na ci ya sake sayar da bijimi, aka sayo wasu. Abu ɗaya ya karɓa daga hannuna, kwaɗon nan, ya jefa a aljihu ya tafi. A ɗakin nan yara da manya da yawa suka fara haɗa baƙi, Allah ya kai ladan kabarinsa.

Ni kuwa sunan Malamin Gara ya bi ni har tsufa. Tun daga ranar, in aka dawo mini da littafi tsaf ba ko ɗigon mai, sai in mayar wa mai shi in ce ya je ya karanta tukuna.